Ranar da Sulley Bai Ɗauki Fasinja Ba

Tun ranar da Muhaimin ya rabar da tattabarunsa ga yaran Ayigya Zango, zama ya gagari mahaifinsa, Sulley direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya. Yaron ya daina ƙwallo tun fitowar sakamakon jarrabawa, abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Sai kuma uwarsa Ajara ta ji shi yana ce wa ƙanwarsa, "Da ba ni, da kowa ya huta."

A tasha Sulley ya kasa tsaye ya kasa zaune. Wani direba da ya ji labarin ya ce masa, "Kada ka taɓo wa yaron zancen, sai ka sa masa abin a rai." Ajara kuwa ta ce ita shirun ne ke ba ta tsoro.

Ranar Asabar da hantsi Sulley ya ce Muhaimin ya raka shi Tafo a motarsa. Mutane suna ɗaga hannu a bakin titi, yana wuce su. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya ɗauko zancen tsadar taya, ya sake shi a tsakiya. Da suka shiga cunkoso a Dichemso, ya riƙe sitiyari gam, idonsa a kan motar gaba.

"Muhaimin, zan tambaye ka, kuma ba faɗa zan yi ba. Kana tunanin kashe kanka?"

Yaron ya amsa yana kallon gwiwarsa.

"Wani lokaci, Baba."

Wa'azi ya zo wa Sulley har baki, ya haɗiye shi.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin jarrabawar. Ba na barci. Na ɗauka za ka ce ba ni da imani."

"Mai zazzaɓi ba a ce masa ba shi da imani. Ci gaba, ina jin ka."

Na baya suka dame su da hon. Sulley ya gangara gefe ya kashe mota. Yaron ya yi ta magana, yana yankewa yana sake farowa, uban bai katse shi ba.

Daga nan asibiti suka nufa. Wata nas mai kula da masu damuwa ta zauna da Muhaimin, ta ce su dawo ranar Talata tare da uwarsa.

Suna jiran magani a kan benci Sulley ya kira Ajara.

"Ya faɗa mini," ya ce. "Ga shi nan kusa da ni. Ki ɗora tuwo, muna tafe."