Ban Kama Ko Ɗaya Ba

Yayana Tamu shi ne sarkin ruwan tafkin da ke bayan Gehuru, ni kuwa Uwani, bandar kifi ce sana'ata tun ina budurwa. Da can in anka yi su, wato kamun kifi na gayya, giwan ruwa guda sai maza biyu sun ɗauko mini. Amma shekarar da anka ba mu jihar Kabi, abin da ake kawo mini bai wuce yatsa ba. Da gidan sauro mutane ke tace ruwan, ka ji rashin imani.

Sai Tamu ya kafa sanda a bakin tafki, ya ɗaura mata kaba. Ma'anarta kowa ya sani: an kulle ruwa. Ya ce shekara biyu ba mai jefa homa, sai kifi ya hayayyafa. Ba irin zagin da bai sha ba. Ni ma na taya, tunda murhuna ya mutu, har kaji sunka fara ƙwai a ciki.

Bai kula mu ba. Kullum da hantsi shina can tsugune shina kallon ruwa. Damina ta biyu ya zo mini da dariya, wai ya ga tarwaɗa da 'ya'yanta baƙi ƙirin a gindin ciyawa. Rabon da in ga haƙoransa har na manta.

Saura kwana tara a buɗe ruwa, munka wayi gari tafkin ya yi fari fat. Karfasa, tarwaɗa, har giwan ruwa biyu da ba mu san sun dawo ba, duk ciki sama. Wallahi na yi kuka.

Ana cikin salati sai ga Jibrilla, babban ɗan Tamu, wanda ya koyo noman albasa a Aliero. Ya ce jiya da la'asar ya wanke tankin feshinsa a nan, ya juye ragowar maganin ƙwari a ciki.

"Baba, na girmama sandarka," in ji shi. "Ban kama ko ɗaya ba."

Tamu ya dube shi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa anka haƙa rami anka binne kifin kada wani ya ci. Sannan ya tuge sandar ya miƙo mini, ya ce in ƙara a murhu.

Na karɓa. Ban tambaye shi abin da zan gasa da ita ba.