Mazubin da Ke Bayan Gidan Pak Derahman

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa jirgin Dandalin Serindit, wurin wasanni da shaƙatawa, ban taɓa jin wanda ya kira shi tarkace ba sai ranar da Puan Khoo, sabuwar manajarmu, ta tara mu a ɗakin cin abincin ma'aikata. Jirgin nan a sama yake tafiya, bisa dogo ɗaya tal na kankare, tayoyinsa sun rungume dogon ta kowane gefe. Yana kwasar baƙi daga babbar ƙofa, ya bi ta kan tafki da lilo da gidan fatalwa, ya sauke su a tsohon otal, ya juyo. Yaran da na ɗauka ana saɓe da su a kafaɗa, yanzu da nasu 'ya'yan suke zuwa.

An gina sabon otal a bakin teku, kilomita uku daga tasharmu ta ƙarshe, masu wurin kuma suna son jirgin ya kai can. Suka ɗauko wani injiniya, Thevan, siririn saurayi mai tabarau, ya yi wata huɗu yana aune-aune. Ga shi nan zaune gefen Puan Khoo, ya sunkuyar da kai.

"Ga abin da rahoto ya ce," in ji ta. "Kamfanin da ya zuba dogon nan ya daɗe da mutuwa. Faɗin dogonmu ba irin na kowa ba ne. Mazubin da aka zuba shi a ciki ya ɓata, zanensa ma babu. In ana son ƙari sai an rushe duka an sake sabo, ringgit miliyan ɗari tara. Ba mu da su. Ƙarshen shekara za mu ajiye tarkacen nan, mu kawo motocin bas."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Bas, Puan? Mutum ya biyo bas tun daga garinsu, ya biya kuɗin ƙofa, mu sake cusa shi a bas?"

"Kak Salbiah, zauna," in ji ta. Kak, wato yaya, haka ake kirana a wurin.

"Ba zan zauna ba. Tarkacen nan bai taɓa barin baƙo a hanya ba. Injin sanyaya ofishinki sau nawa ya mutu bana?"

Aka kwashe da dariya, ita kuwa ta tattara takardunta ta fice. Na san bakina ya yi yawa, amma raina a ɓace yake, kuma ban yi nadama ba.

Na tare Thevan a bakin ƙofa.

"Kai, mai tabarau. Wane irin mazubi ne wannan da ɓatansa zai kashe jirgi sukutum?"

"Ƙarfe ne, Kak. Kamar kwami, tsawonsa mita ashirin da biyar. Jikinsa duk manyan kusoshi ne masu murɗawa, in an murɗa su bangon ya lanƙwasa, a zuba dogo mai kwana. Na nema har ƙasar waje. An ce 'yan gwangwan sun yanka shi tuntuni."

Na tsaya ina kallonsa. Tabɗi!

"Ka taɓa cin gasasshiyar tarwaɗa a rumfar Pak Derahman?"

"A'a. A otal ake ba ni abinci."

"Shi ya sa. Hau babur."

Pak Derahman, wato Baba Derahman, shi ne shugaban masu zubin kankare lokacin da aka gina layin. Yanzu ya haura saba'in, yana da rumfar abinci a ƙauyen da ke bayan katangar dandali, inda duk wani mai shara da mai gadi da direba ke cin shinkafar rana. 'Yan ofis kuwa ƙafarsu ba ta taɓa taka wurin ba. Muka same shi a bayan gida, daga shi sai zane da singileti, yana watsa wa kifi abinci a cikin wani dogon kwamin ƙarfe da ya miƙe daga gindin ayaba har bakin rijiya. Tarwaɗa sai birgima suke yi a ciki.

Thevan ya sauka daga babur, ya kasa rufe baki. Ya zaro ma'auni ya gwada faɗin, ya sake gwadawa.

"Salbiah, wa kika kawo min yana auna min kifi?"

"Injiniya ne, Pak. Ya ce mazubinka ya ɓata."

"Ya ɓata? Hankalinsu dai ya ɓata. A kilo suka sayar da shi ranar da muka gama aiki, kamar tsohuwar tukunya. Na bi motar 'yan gwangwan har bakin titi, na sayar da gonar robar da na gada na fanshe shi. Matata ta yi wata biyu ba ta yi min magana ba."

"Kusoshin suna aiki, Pak?" in ji Thevan.

Tsohon ya harare shi. "Duk Juma'a kafin masallaci nake sa musu mai. Murɗa ka gani. A hankali, kada ka firgita min kifi."

Thevan ya kama ɗaya ya murɗa. Bangon ƙarfen ya yi ƙara, ya lanƙwasa kaɗan, ruwa ya karkata. Wallahi sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce da wannan ba sai an rushe komai ba, ƙari kawai za a yi, kuma kuɗin ba zai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya rubuta ba.

"Ba na sayarwa," in ji Pak Derahman. "Aro zan bayar, shi ma sai mai ofishin ta tako nan da ƙafarta ta roƙa. Kuma a jira kifina su girma, saura sati shida."

Ya gasa mana tarwaɗa biyu da yaji a ganyen ayaba. Ina ci ina murna kamar ranar salla. Thevan kuwa sai juya shinkafa yake, bai kai loma ba.

"Kak, akwai abin da ba ki sani ba."

"Faɗi."

"In layin ya yi tsawo haka, hukuma ba za ta bari a ci gaba da tsofaffin jirage ba. Sabbi za a sayo, masu tuƙa kansu. Ba su da wurin direba ko kaɗan." Ya yi ƙasa da murya. "In bas aka kawo kuwa, na ga takarda, sunanki ne a matsayin shugabar direbobi har ki yi ritaya. Mu uku kaɗai muka san da mazubin nan. In kin ce ban gani ba, to ban gani ba."

Ba zan yi ƙarya ba, tsoro ya kama ni. Shekarata hamsin da ɗaya, ban iya komai ba sai wannan jirgi. Na san inda yake girgiza a kwanar tafki, na san yadda birkinsa ke yi in an yi ruwa. Wa zai ɗauki direbar jirgin da babu irinsa a duk ƙasar? Na dubi Pak Derahman ko zai ce wani abu. Ya ci gaba da fifita gawayi, ko kallona bai yi ba.

Sai haushi ya taso ya danne tsoron.

"Wato in zauna a inuwa da usur a wuya ina jera bas, ina kallon ana fasa dogon nan da guduma? Ni Salbiah? Ci kifinka, yaro. Gobe tare za mu shiga wurinta."

Washegari ban ko ƙwanƙwasa ƙofa ba. Thevan ya shimfiɗa hotuna da awo a kan teburin Puan Khoo. Ta daɗe tana dubawa, ta yi masa tambayoyi, ya amsa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Kin san abin da wannan zai jawo miki?"

"Na sani."

"Ba zan iya yi miki alkawarin wani aiki ba."

"Ban roƙe ki ba, Puan. Abu biyu ne. Na farko, ki sa takalmin da ba kya jin tausayinsa, za ki je bayan gidan Pak Derahman, akwai caɓi. Na biyu, ranar da aka gama, ni zan fara hawa sabon dogon."

"Sabbin jiragen ba su da direba."

"Wa ya ce sabo? Da nawa zan hau. Mazubi ɗaya ne, dogo ɗaya ne, zai ɗauke shi."

Ta dubi Thevan, ya ce gaskiya ne, zai ɗauka.

Shekara biyu da rabi aka yi ana aikin. Ranar gwaji, da hantsi, na hau jirgina babu baƙo ko ɗaya, sai Thevan a tsaye a bayana. Takardar sallamata tana cikin aljihun riga, tun safe aka miƙo min. Na wuce tsohon otal, inda na saba tsayawa shekara da shekaru, ban taka birki ba. Na kasa kunne in ji inda tsohon dogo ya haɗu da sabo. Ban ji komai ba, ko ɗan gargada babu. Teku ya buɗe a gabana, hawaye suka zubo, na bar su, don hannuwana duka biyu suna kan aiki.

Na tsayar da shi daidai kan layin sabuwar tasha. Manya suna ƙasa suna tafi. Thevan ya matso ya miƙo hannu a hankali.

"Makullin, Kak. Sun ce a nan za ki sauka, mota za ta mayar da ke."

"Mota?" Na ture hannunsa. "Ka gaya musu ban gama ba. Sai na mayar da jirgi inda na ɗauko shi."

Na rufe ƙofofi, na busa ƙaho sau biyu, muka juya.