Kujerar Alƙali Pennebaker

Marlene Dubicki ta san Alƙali Thurlow Pennebaker tun yana da gashi a ka. Tana gama karatun lauya ya ɗauke ta aiki a ofishinsa na kotun tarayya, a garinsu na bakin kogin Ohio. Ita ke bincike, ita ke rubuta hukunci, shi kuma ya sa hannu ya sha yabo. Ran da za ta bar shi ta buɗe nata ofishin, ya dafa kujerarsa ya ce, "Yarinya, wannan taki ce. Duk ran da na tashi, sunanki zan ba sanata."

Ta ɗauki maganar nan ta rungume. Alƙalin tarayya dai ba a yi masa ritaya, ko ya sauka don kansa ko a fitar da shi cikin akwatin gawa. In ya sauka, sanatan jiha ya miƙa suna, shugaban ƙasa ya naɗa. Sanatan kuwa tare suke zuwa kamun kifi da Pennebaker.

Aka yi mata tayin alƙalanci a kotun jiha, ta ce a'a. Wani babban ofishin lauyoyi a Chicago ya yi mata tayi, ta ƙi, har mijinta ya daɗe ba ya mata magana. Duk Lahadi bayan coci sai ta kai wa tsohon kek ɗin tuffa, ta zauna ta sha labarin yadda ya ɗaure wasu 'yan fasa-ƙwauri, labarin da ko cikin barci za ta iya karanto shi.

Uzuri kuwa ba ya ƙare masa. Bana shugaban ƙasa ba ɗan jam'iyyarsu ba ne, "so kike in bar wa waɗancan kujerata?" Nasu ya hau, sai ga shari'ar wani kamfanin kwal wadda wai duk ƙasar babu mai iya ta sai shi. Matarsa ta rasu, ya ce in ya zauna a gida da wa zai yi hira, da kare?

A haka har ya kai lauyoyi na zuba hujja yana minshari a kan kujera. In ya farka sai ya buga tebur ya ce, "An ƙi!" bai ma san abin da aka roƙa ba. Kaf garin an sani, amma kowa sai rusunawa da "Mai shari'a ya yi daidai." Marlene da kanta ta sha rage murya a gabansa don kada ta tashe shi.

Rannan ya kira ta cin abincin rana a shagon da ke kallon kotu. Ta same shi da tsumma a wuya, gasasshen nama da dankali a gabansa.

"Na sanar da su," in ji shi. "Zan sauka."

Marlene ta ajiye cokali. "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

"Na kuma ga sanata. Sunan Tyler Brandvold na ba shi."

Tyler ɗin nan shekarun baya kaɗan ya yi wa alƙalin aikin bincike a ofishinsa, ita ce ma ta nuna masa inda lauya ke tsayawa a kotu.

"Tyler? Wanda ko aski bai gama iyawa ba?"

"Ai irinsu ake nema yanzu. Ba sa naɗa wanda ya haura hamsin. So suke mutum ya hau ya shekara arba'in, kamar ni."

"Ranka ya daɗe, ban kai arba'in ba lokacin da ka fara cewa bana za ka sauka."

"To ni na ce shekaru su yi gudu?" Ya kai hannu ya goge romo a haɓa, ya ƙara damalmala shi. "Ki duba madubi mana, Marlene. Kin wuce sittin. Aikin nan ba na tsofaffi ba ne."

Mutumin da ya doshi casa'in ke faɗar wannan, da na'urar ji a kunne tana ƙara. Ko a jikinsa. Ta ƙura masa ido tana neman ko ɗigon kunya, ba ta ga komai ba sai wani tsohon marowaci da ya cinye mata ƙuruciya kamar yadda yake cinye mata kek. Ta ji ta tsane shi tsana mai tsanani.

"Af, na manta," ya ce. "Ran da za a rataye hotona a kotu ke za ki yi jawabi. Babu wanda ya san ni kamar ke." Ya turo mata farantinsa. "Yanka min naman nan, yarinya, hannun nan ya ƙi."

Marlene ta buɗe baki za ta faɗi abin da ke cinta. Sai ta ga ashe hannunta ya riga ya ɗauki wuƙar.