Sai An Karɓe Ni

Auta ta sake miƙa masa kofin shayin, shi kuma ya ci gaba da kallon titi ta saman kanta kamar babu mutum a gabansa.

"Baba, ko kurɓi ɗaya ne. Ga maganinka ma ba ka sha ba."

"Ba a ci a bakin aiki," in ji shi.

Tun da gari ya waye yake tsaye a ƙofar gidan, ƙirji a gaba, hannaye a baya. Ya sa tsohuwar rigarsa ta 'yan sanda, wadda aka cire wa lamba ranar da ya yi ritaya. Yanzu ta yi masa yawa, kafaɗunta sun zubo. Amma abin da ya fi tayar wa Auta hankali shi ne takalmin. Yadda aka yi ya cusa ƙafarsa ta hagu cikin wannan but ɗin, Allah kaɗai ya sani. Ƙafar ce ciwon suga ya yi wa gyambo, ta kumbura har tana ƙyalli. Jiya likita ya duba ta, sannan ya ja Auta gefe ya ce a kawo shi da safe a kwantar da shi. In aka ƙara jinkiri, sai dai a yi maganar yankewa.

Ta nemi izini a makarantar da take koyarwa, ta haɗa jaka, ta kira mai tasi. Mai tasin ya zo ya yi ta jira, daga baya ya fito ya gwada nasa lallashin.

"Ranka ya daɗe Sufeto, mota tana jira."

"Wa ya ce ka tsaya a nan? Ka toshe hanya. Ina lasin ɗinka?"

Mutumin ya laluba aljihu kafin ya tuna da wanda yake magana. Ya yi dariya, ya ce wa Auta ta kira shi in tsohon ya sauko, ya ja motarsa.

Tun bara ne kan Baba ya fara rikicewa. Da farko mukulli yake mantawa, sai sunayen jikoki, sai ya fara tambayar mutanen da suka daɗe a ƙasa. Amma bai taɓa yin irin na yau ba.

Maƙwabta sun fara leƙowa. Mai shagon da ke tsallaken titi ya jingina da kantarsa ya ce, "Malama, ki bar mana shi mana. Tun da ya tsaya nan ko kaza ba ta gifta ba tare da izini ba."

"Da ma can haka yake," in ji mai faci, yana danna taya cikin ruwa. "Ba shi ne ya kai ƙanin matarsa ofis saboda takardun mota ba? Mutumin da ko goro ba ya karɓa. Shi ya sa ya gama aiki da ɗaki biyu da tsohon keke."

Auta ba ta gane ko yabo ne ko zagi ba. Haka take jin labaran mahaifinta tun tana yarinya, rabi a ɗaga shi, rabi a ajiye.

Ƙarar babur ta sa ta juya. Yayanta ne, mai gyaran firji, hannayensa duk baƙin mai. Shi ke sayen magani, shi ke kawo cefane, amma Auta ba za ta iya tuna ranar da ya zauna a ɗakin mahaifinsu ba. Ko "Baba" ba ya kiransa, sai dai Sufeto.

"Sufeto, wasa ya ƙare. Mu je asibiti."

"Ba a karɓe ni ba."

"Wa zai karɓe ka? Ƙofar gidanka ce wannan."

Yaya ya kama masa damtse. Auta ba ta ga yadda aka yi ba, sai kawai ta ga yayanta a durƙushe, hannunsa murɗe a bayansa, tsohon kuwa ko numfashinsa bai canza ba. Mai shago ya fashe da dariya, sai kuma ya haɗiye ta. Wani ruwa ja-ja ya fara tsattsafowa ta ramukan igiyar takalmin.

Baba ya sake shi, ya mayar da hannayensa baya.

"Shi ke nan," in ji Yaya, yana murza wuyan hannunsa. "Bari in samo ƙarti, mu ɗauke shi kamar buhu."

"A gaban unguwa? Haba Yaya. Zai yi kokawa, kuma ka ga ƙafar nan."

"To mu zuba masa ido ta ruɓe?"

"Cewa ya yi ba a karɓe shi ba. Bari in je ofishinsu su ba ni mai kaki ɗaya ya zo ya karɓe shi. Kai dai ka tsaya kusa da shi."

Yaya ya yi tsaki, amma ya zauna a kan babur ɗinsa.

Ofishin 'yan sandan bai canza ba tun lokacin da take kawo wa Baba abinci a kwano. Doguwar kanta, benci mai ƙafa ɗaya gajera, fanka tana juyawa ba iska. Wata mata tana rantsuwa a kan wayarta da aka zare a bas. Auta ta jira har wani matashin kofur ya ɗago kai, ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi wa yara a aji.

"Wane Sufeto ke nan?" in ji shi. "Ni ban daɗe a nan ba, Malama." Ya leƙa ciki. "Saje! Zo ka ji wani abu."

Sajen ya fito yana gyara bel, mutum mai furfura a gefen kai. Da ta faɗi sunan mahaifinta sai fuskarsa ta washe.

"Kai! Yana raye? Kofur, ai wannan shi ne wanda ake ba mu labarinsa a makarantar horo. Yana gadin ƙofar ma'aji aka zo aka ce masa matarsa tana asibiti rai a hannun Allah. Wanda zai karɓe shi a bakin aikin ya makara. Wallahi bai ɗaga ƙafa ba sai da aka karɓe shi. Irin waɗannan mazan sun ƙare."

"Mahaifiyata ce," in ji Auta. "Bai same ta ba."

Fara'ar sajen ta ɓace. Kofur ya sunkuya yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ita tana ƙarama a lokacin, abin da take tunawa kaɗan ne. Yaya ne ya sheƙa da gudu ba takalmi, tun daga asibiti har ƙofar ma'ajin, ya dawo shi kaɗai. Kafin wannan rana, kullum da yamma yakan tsaya a ƙofar gida da tsintsiya a kafaɗa yana jiran Baba ya dawo ya sara masa, su yi miƙa aiki kamar gaske, Inna tana dariya daga tsakar gida. Bayan ranar bai sake ɗaukar tsintsiyar ba.

"Allah ya jiƙan ta," in ji sajen, murya ƙasa-ƙasa. "Ki yi haƙuri, bakina ne. Maganar mutum kuwa, wallahi duk sun fita aiki, mu biyu ne a kanta, kuma ba za mu bar ta ba." Ya ji abin da ya faɗa, ya kawar da ido. "Da yamma in an karɓe ni zan zo da kaina."

"Ƙafar ba za ta kai yamma ba."

"To ki samu wanda ya san yadda ake yi. Ba rigar ce ke karɓar mutum ba, maganar ce."

A bas ɗin dawowa ta kira mai tasi ta ce ya zo, duk da ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

Rana ta take lokacin da ta iso. Inuwar katanga ta janye ta bar Baba a fili. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, gwiwoyinsa suna rawa, leɓɓansa sun yi fari. Ƙudaje sun gano takalmin. Yaya yana tsaye nesa kaɗan riƙe da lema a rufe.

"Na buɗe masa ya ce in kauce," in ji shi. "Ina mai kakin?"

"Babu. Yaya, kai ka san yadda ake yi."

"Kada ki fara."

"Ni ban iya ba. Da na iya da tuni..."

"Na ce kada ki fara, Auta. Ke ba ki ga fuskarsa ba ran nan. Ina kuka ina jan wandonsa, yana kallon saman kaina kamar yadda yake kallon naki yanzu. Sai ni ne zan sara masa? Ga yaran mai faci can, mu ɗauke shi a wuce wurin."

Ya taka zuwa gaban tsohon yana naɗe hannun riga. A karon farko tun safe, idanun Baba suka sauko daga titi suka tsaya a kan fuskar mutum.

"Kai ne aka turo?" Muryar ta dushe, da ƙyar take fita. "Ka makara, ɗan'uwa. Ka makara ƙwarai. Yarona ya zo tun ɗazu, ko takalmi babu a ƙafarsa. Na kore shi. Ban iya kallonsa ba, da na kalle shi da na bi shi. Matata tana asibiti. Don girman Allah ka karɓe ni."

Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa. Auta ba ta taɓa jin mahaifinta ya roƙi wani mahaluki ba.

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Auta ta zaci juyawa zai yi ya hau babur. Sai ta ga ya saki lemar, ya goge tafinsa a wando, ya haɗe dugadugansa. Hannun nan mai baƙin mai ya tashi a hankali har gefen goshi.

"Na zo karɓar aiki," ya ce. "Me ke hannunka?"

Baba ya sara, tsaf, kamar ba shi ne ke rawar gwiwa ba. "Ƙofa ɗaya, a kulle. Babu wanda ya shiga, babu wanda ya fita. Komai lafiya."

"Na karɓa. Kana iya tafiya."

Tsohon ya yi taku ɗaya gefe, sai ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Auta da mai tasi suka tare shi kafin ya kai ƙasa. Yaya ya zaburo zai kama, Baba ya ɗaga masa yatsa.

"Kai! Wurinka. Kada ka bar shi sai an karɓe ka."

Yaya ya koma ya tsaya daidai inda takalmin ya bar jiƙaƙƙen sawu.

"Asibiti, direba," in ji Baba da aka zaunar da shi. "Yi sauri, amma kada ka tsallake danja." Har motar ta sha kwana yana waiwaye ta gilashin baya, yana duba ko ƙofar da mutum.

A asibiti sai da almakashi aka raba shi da takalmin. Wata nas ta kawar da kai da warin ya taso. Likita ya duba, ya ce za su gwada, bai ce fiye da haka ba. Baba bai ko yi ƙara ba. Yana ta leƙen gadajen da ke jere, ɗaya bayan ɗaya, har ya kamo gefen mayafin Auta.

"Baiwar Allah, wane ɗaki aka kwantar da ita? Na same ta kuwa?"

Auta ta gyara masa matashi. Ta daɗe tana gyarawa.

"Ta san ka iso," ta ce. "Ta ce a fara duba ƙafarka."

"Haka take," in ji shi, ya lumshe ido.

Sai da nas ta nemi zanen rufa Auta ta tuna ta bar jakar a tsakar gida. Ta fita baranda ta kira Yaya.

"Yaya, jakar. Tana kan kujera, ka taho da ita."

"Na sa mai shago ya ɗauko, yana hanya. Yaya ƙafar?"

"Sun ce za su gwada. Kai fa, ba za ka zo ba? Kana ina?"

Ta ji ƙarar motoci a bayansa, da bugun guduma irin na mai faci. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba.

"Ina nan," ya ce. "Ba a karɓe ni ba."