Sunan da Zuwera Ba Ta Kira

Zuwera ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba. Rahinatu aka raɗa wa yarinyar, amma a bakin uwar "ke" ce, in ba ta kusa kuma "waccan". Ba ƙi ba ne, kunya ce ta gado: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zuba masa ido, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye ta aka kai ta Bengu wurin kakarta ta wajen uba, can ta tashi a bakin fadamar shinkafa. Sai da ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, aka dawo da ita Gaya, 'yar siririya mai manyan idanu da ba sa barin fuskar mutum.

Shekarar farko ta faɗi jarrabawa, ta biyu ma ta kama hanya. Ubanta Alassan, mai babur ɗin kabu-kabu da ke wuni yana kai masu tsallakawa Malanbil bakin kogi, ba mutum ne mai dogon zance ba. Yana wanke hannu ya yanke hukunci: "In ta sake faɗuwa bana, Bengu za ta koma. Tsuntsaye na cinye shinkafar Inna, ga mai kora nan zaune tana ɗumama benci."

Uwa dai ba ta tsaya wa ɗan fari. Amma maganar ta tsaya wa Zuwera a rai. Ita ma haka aka zare ta daga lakwal tana tsakiyar daɗin karatu, har yau in ta ga takarda a ƙasa sai ta tsaya ta haɗa baƙaƙen. Washegari ta saci jiki ta je wurin malamin ajin, Mushe Yusufu kamar yadda ake kiran malaman lakwal, tana ta kewaye-kewaye wai 'yar wata ce ake tambaya.

Mushe ya gane, ya ƙyale ta. "Ɗiyar ga ba daƙiƙiya ba ce," in ji shi, "amma da na juya ga allo sai ta zama dutse. A taimaka mata a gida. Kada a dame ta da sunan baƙi, kukansa za a koya mata." Ya rufe leɓe ya ce mmm, ya wangale baki ya ce aaa, ya haɗa su suka ba da ma.

Daga ranar, kullum bayan la'asar Zuwera kan ja yarinyar bayan madafa inda ido ba ya kaiwa, ta zana baƙi da gawayi a jikin katanga. Nan suka fara zama gwiwa da gwiwa, nan kuma ta fara ganin fuskar 'yarta da kyau. Ashe tana da wushirya irin ta marigayiya uwar Zuwera! Yarinyar kuwa kamar jira take. Ta kama m, ta kama a da o, ta kama b da f, idonta kafe a bakin uwar. Ranar da ta haɗa ma da ma da kanta, Zuwera ta tashi da sauri wai tukunya na ƙonewa, alhali ko wuta ba ta hura ba.

K da g ne suka gagara. Zuwera ta yi ta kakari har maƙogwaronta ya bushe, yarinyar na buɗe baki kawai ba abin da ke fita daidai. Haushi ya sa ta zuba mata ranƙwashi. "Kunnen ƙashi gare ki! Bengu kike so ki koma?" Yarinyar ta shafa kai, ba ta yi kuka ba.

Wata la'asar sai ga Saratu maƙwabciya ta faɗo aron rariya, ba ko sallamar kirki. Ta riƙe haɓa. "Lalle duniya ta zo ƙarshe! Zuwera da ɗiyar fari gwiwa da gwiwa? Bari in kira mata su sha kallo."

Kunya ta lulluɓe Zuwera. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai, ta ci gaba da koyarwa daga cikin mayafin don kada a ce ta tsargu. Ta nuna m, baƙin da yarinyar ta fi sani, ta ce mmm. Shiru. Ta sake, da ƙarfi. Yarinyar ta yi ta leƙen fuskarta, can sai ta miƙa hannu ta janye mayafin. Saratu ta tuntsire da dariya, ta ɗauki rariyarta ta fita.

Zuwera ba ta yi dariya ba. Ta sa tafi ta rufe baki ta ce aaa, yarinyar ba ta motsa ba. Ta sauke hannun, ta wangale baki ba tare da ta fitar da ko numfashi ba.

"Aaa," in ji yarinyar, tana murmushi, tana jiran a yaba mata.

Nan Zuwera ta tuna. Shekarun baya wani ya zo daga Bengu ya ce yarinyar na fama da zazzaɓi, kunnuwanta na zubar da ruwa, kakarta na ɗiga mata man shanu. Tsakar gida cike take da mata a ranar. Zuwera ta ce "Allah shi sawwaƙe", ta ci gaba da dakanta, matan suka yi ta yaba kunyarta. Ba ta je ba, ba ta tambaya ba. Yau ga abin da yabon ya haifa zaune a gabanta, kuma ita ce ma ta ƙara masa da ranƙwashi.

Baƙin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Mushe ba zai koyar da aji guda yana fuskantar yarinya ɗaya ba. Ta taɓa jin ana cewa akwai lakwal ta kurame a can Yamai, amma wa zai kai ta, Alassan? Ta san amsarsa tun bai buɗe baki ba: korar tsuntsaye ba ta bukatar kunne.

Yarinyar ta ɗauki gawayin, ta juya ga katanga tana zana m da kanta, tana ta gyara ƙafafunsa. Zuwera ta tashi ta tsaya a bayanta. Ta daɗe tana kallon 'yar ƙeyar da kitson da ya tsufa.

"Rahinatu," ta ce a hankali. Sunan ya yi mata nauyi a harshe, kamar ba nata ba.

"Rahinatu!"

Kaji suka watse. Saratu ta leƙo ta kan katanga, wannan karon ba dariya a fuskarta. Zuwera ta yi ta kira, muryarta na tsagewa, har masu wucewa a titi suka tsaya.

Rahinatu ta gama baƙinta, ta matsa gefe, ta fara wani.