Jan Fenti a Jikin Katako

"Ki rantse ba za ki sake shi ba," in ji Darla, tana riƙe da ƙofar a-kori-kura.

"Ke da hannunki kika zuƙe man motarsa," Lorna ta amsa. "Me kuma kike tsoro?"

A gabansu, kan farin filin gishirin Bonneville a Amurka, tsoho Wendell Kasko yana zaune cikin jar motarsa ta tsere, wadda ya ƙera da tankin man wani tsohon jirgin saman yaƙi. 'Yarsa Darla da maƙwabciyarsa Lorna ne suka ciccɓe shi suka saka ciki. Likita ya riga ya ce a kai shi gida, huhun ya gama aiki. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi gishiri. Lokacin gasa ya wuce, filin ba kowa.

Motar ba ta tashi da kanta. Sai wata ta tura ta har mil arba'in a awa, injin ya kama, direba ya ɗaga hannu, mai turawa ya sassauta ya kauce gefe. Lorna ce mai turawa tun shekarar da mijinta ya rasu, lokacin da ta sauke labule ta daina fita. Wendell ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce ba ta'aziyya ya zo ba, direba yake nema. Ashe har ya ɗaure katakon turawa a gaban a-kori-kurar marigayin.

Yau sharaɗin Darla biyu ne: kada a wuce mil goma, kada a rabu da shi. Tukunyar iskar da yake shaƙa ba ta shiga motar tseren, tana cikin a-kori-kura.

"Maƙwabciya," Wendell ya ce daga cikin hular kwano, murya a shaƙe, "kar ki tura ni kamar keken kanti."

"Rufe baki, tsoho. Iskar da ta rage maka ka adana ta."

"Baba, ka ji abin da muka ce ko?"

"Na ji, shugaba."

Katako ya taɓa bayan jar motar, suka tashi a hankali. Gishiri yana ƙara a ƙarƙashin taya. Darla ta rungume tukunyar iska, idonta a kan hular mahaifinta. Lorna ma hular take kallo, kamar yadda ta saba. Ba ta duba allurar gudu ba. Ƙafarta ta san aikin, ita ta yi ta nutsa totur, kunnenta yana jiran ƙarar da taya ke yi in an kai arba'in.

Siririn hannu ya fito daga jar motar, ya yi sama.

Lorna ta ɗage ƙafa ta karya sitiyari dama.

"Lorna! Me kika yi?"

Sai a lokacin Lorna ta tuna da sharaɗin Darla. Jar motar ta riga ta wuce ita kaɗai, ba ƙugin inji, ba hayaƙi, tana miƙe kamar an ja zare. Lorna ta juyo ta bi ta. Darla tana dukan ƙofa tana kiran sunan uban. Can gaba motar ta rage gudu, ta gangara, ta tsaya.

Suka same shi kai a langaɓe, leɓe ya yi shuɗi. Darla ta fizge hular ta manna masa iska. Ya ja, ya sake ja. Da ya buɗe ido, Lorna ya nema.

"Kin sake ni da wuri," ya ce. "Kamar kullum."

"Kai ka ɗaga hannu, munafuki."

"Ni na ɗaga." Ya huta. "Na gode, maƙwabciya."

Darla ba ta yi wa Lorna magana ba har suka isa gida a garin Wendover.

Wendell ya rasu ranar Juma'a da hantsi, a gadon da aka jawo masa kusa da tagar gareji. Lorna tana wanke gishiri daga ƙarƙashin a-kori-kura lokacin da Darla ta tsallako titi, ba takalmi a ƙafarta. Da ganinta Lorna ta gane, ta kashe famfo.

Darla ta ce, "Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labari. Wai ya yi mil ɗari biyu."

"Arba'in ne."

"Na sani. Ina cikin motar." Ta goge hanci da bayan hannu. "Kar ki cire katakon nan."

"Ban yi niyya ba."

Darla ta koma. Lorna ta tsuguna a gaban motar. Katakon ya lotsa a tsakiya, ya yi baƙi da tsufa. A cikin lotsawar akwai sabon shafin jan fenti, faɗin tafin hannu, gishiri ya bushe a gefensa. Ta wanke ko'ina, ta bar wajen.