Gautar Hajiya Mubina

Ƙwaya tara ce ta rage wa Hajiya Mubina na irin gautar mahaifiyarta, ɗaure a bakin wani tsohon ɗankwali. Uwar ce ta ƙullo irin daga fadamun bakin Tafkin Chadi, ta ratso Sudan da shi har Makka. Shekara hamsin ana shuka shi a tsakar gidansu na unguwar Tandabawi, ana ci, ana ajiye sabon iri. Da suka koma wani bene a unguwar Mansur, babu tsakar gida sai rufin siminti, shikenan gauta ta ce ba da ita ba. Shekara uku Hajiya na shukawa, shekara uku tana ƙonewa. In taran nan suka bi sahu, irin ya ƙare a duniya, kuma a hannunta zai ƙare. Wannan ne ke ci mata rai.

Ba wai ba ta ƙoƙari ba ne. Tukwanen a kan katangar rufin take jera su, can sama ta gabas, inda ake hango hasumiyar agogon Harami, don su sami albarka. Ruwan zamzam take ba su, ba na famfo ba. Har baƙar ƙasar nan ta buhu da masu furanni ke sayarwa ta sa ɗanta Awwalu ya kawo.

Ana haka jikarta Lujain ta dawo daga Finland. Shekara biyu ta yi tana karatu a kan fadamun ƙasar sanyi, inda gansakuka ke ruɓewa ta taru ta zama ƙasa mai laushi kamar soso. Gidan kuwa aka samu abin dariya.

"Yarinyar Makka ta je ta karanto taɓo!" in ji baffanta Awwalu. "Ina fadamar take a nan, a bayan dutse?"

Hajiya ma ba ta raga mata ba. "Ke da ko Hausar kirki ba ki iya ba, me kika sani a kan gauta?"

Lujain ta hau rufin da wasu ƙananan ma'aunan zafi, ta bi lungu-lungu tana ajiyewa, ta yi mako tana leƙa su safe da azahar. Ranar takwas ta riƙo hannun kakar ta kai ta sama.

"Ya Sitti," haka take kiranta da Larabci, "taɓa katangar nan."

Hajiya ta taɓa, ta janye da sauri. "Wayyo! Kashe ni za ki yi?"

"Digiri hamsin da biyu. A nan kike ajiye su. Yanzu zo nan."

Ta ja ta bayan tankin ruwa, wani lungu da babu mai kallonsa, inda bututun mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga dare da rana har simintin ya yi kore. Hajiya ta sa ƙafa, sai ta ji sanyi.

"Talatin da shida," in ji Lujain. "A fadamar can, ya Sitti, tudun gansakuka da ramin da ke gefensa tazararsu taku ɗaya ce, amma kowanne da yanayinsa. Sama ya bushe ya yi zafi, ƙasa na jiƙe da sanyi. Abin da ke tsira a ɗaya ba ya tsira a ɗayan. Rufinki ma haka yake."

Sannan ta ɗebo baƙar ƙasar tukunya a tafin hannu, ta zuba mata ruwa. Ruwan ya gangare ya wuce, ciki a bushe ƙayau.

"Wannan ƙasar daga irin fadamun da na karanta ake haƙo ta. In ta bushe ba ta shan ruwa, sai an jiƙa ta an murje. Zamzam ɗinki ta gefen tukunya yake zurarewa."

Ran Hajiya ya ɓaci ƙwarai. Shekara uku ashe ƙishirwa ke kashe mata shuka, ita tana ganin ta shayar! Amma lungun ne ya tsaya mata a wuya.

"Irin uwata a bayan tanki, da yawun mukayyif? Ko Harami ba za su gani ba!"

"Ai a Tandabawi ma ba sa gani, ya Sitti. A gindin randa kike shuka su, na tuna."

Wallahi gaskiya ne, a gindin randa ne, inda inuwa take da laima. Hajiya ta kwance bakin ɗankwalin, ta miƙa ƙwaya biyar. Ta dubi huɗun da suka rage, ta dubi yarinyar, ta juye mata duka.

Lujain ta jiƙa ƙasar kwana biyu, ta gauraya da yashi, ta cika wani tsohon baho da ta huda. A tsakiya ta ɗan tada tudu don kada saiwa ta ruɓe, ta kewaye da buhun algarara wanda ɗigon ke jiƙawa. Hajiya ta kafa sharaɗi ɗaya: ranar Juma'a dai sai an ba su zamzam.

Kwana goma sha biyu babu komai. Hajiya ta daina yi wa jikar magana, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Ranar sha uku, bayan ta idar da walaha, ta hau a hankali tana dafa bango. Sai gidan ya ɗauka da guɗa, guɗar da rabon a ji ta tun auren Awwalu. Bakwai ne suka fito.

Bayan wata huɗu gauta ta yi nauyi har sai da aka tokare ta da sanduna. Hajiya ta tara gidan kaf a kan rufin, ta tsinko mafi girma ta danƙa wa Awwalu.

"Ci, mai neman fadama. Ga ta nan a bayan tanki."

Ya gatsa, ɗaci ya murɗe masa fuska, kowa ya kwashe da dariya. Ita kuwa Hajiya ta ci tata tana hawaye, tana cewa ɗacin nan na uwarta ne, bai canja ba ko kaɗan.

Uku ta bari suka nuna ja a jikin itacen. Ta shanya 'ya'yan, ta cika bakin ɗankwalin har ya ƙi ƙulluwa. Ba ta mayar da shi akwatinta ba. Ta kamo hannun Lujain ta sa mata a ciki.

"Riƙe, Daktar fadama. Uwata ta ba ni, ni kuma ke na ba."